Rasuwar Vonu, Mai Tsaron Wasiƙun Savusavu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Vilimaina Raicebe, sakatariyar Ƙungiyar Manoman Gaɓar Natewa da ke Savusavu, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na gida da waɗanda ke aiki a gonakin Ostireliya, rasuwar Vonu, tsohuwar na'urar da ke karɓar wasiƙun imel na ƙungiya tana rarrabawa. Rai ya yi halinsa ranar Juma'ar da ta wuce, da yammaci, a ɗakin ajiya na bayan ofis, bayan jinya mai tsanani. Masana suna kiran irinsa saba. Mutanen ofis kuwa tun ranar da ya zo suka ɗauke shi namiji, dattijo, kuma a haka za a ambace shi a nan.

Marigayin bai zo mana da ƙuruciyarsa ba. Wani otal ne a Nadi ya sallame shi, marigayi Waisake, mijin Vilimaina, ya ɗauko shi a jirgin ruwa, naɗe cikin tabarma, a tsakanin buhunan rogo. Da ya kunna shi ya ga yadda yake ɗaukar lokacinsa kafin ya farka, sai ya yi dariya ya raɗa masa Vonu, wato kunkurun teku. Waisake ne ya shigar da sunan a DNS, babban kundin da duniya ke dubawa idan tana neman ƙofar da za ta miƙa wasiƙa. Shi ne ya rubuta cewa duk wata wasiƙar ƙungiya, Vonu za a kai wa, ga lambar gidansa. Kuma da yake intanet ɗinmu na lokacin da an yi iska yake ɗaukewa, ya ƙara da cewa duk wanda ya karanta wannan adireshi ya riƙe shi a ka na kwanaki, ba sai ya dawo tambaya ba.

Vonu mai haƙuri ne. Ya zauna a kan akwatin katako kusa da buhunan busasshiyar kwakwa, ya sha iskar gishiri, ya ga guguwa ta kwashe rufin kasuwa, bai taɓa neman a kai shi ɗaki mai sanyi ba. Ba shi da tsegumi. Ya san wanda ya nemi a dawo da shi gida saboda kewa, ya san wadda ta rubuto cewa ba za ta dawo ba, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Maganarsa ɗaya ce, "huuuu", safe da yamma. Idan wasiƙa mai nauyi ta shigo, kamar hoton jariri, yakan ƙara da "kirrr, kirrr", ya koma huuuu ɗinsa. Ta hannunsa bizar duk wani ɗan gaɓar nan da ya je tsinkar inabi ta biyo, domin ofishin biza ba ya aikawa sai adireshin ƙungiya.

Da zuciyar Waisake ta tsaya a gonar gwaza, ba wanda ya san harshen Vonu. Vilimaina ce ta zauna ta koya, tana kuka tana danna madannai. Ba ta rufe akwatin wasiƙun mijinta ba. Waisake mutum ne da bai yarda ɗan ƙungiya ya tafi waje ya ji shiru ba. Kowa sai ya rubuta masa, da tsokana da labarin wanda aladensa suka shiga gonar fasto. Wani lokaci idan ofis ya watse takan buɗe akwatin ta karanta ɗaya ko biyu, ta ji muryarsa kamar yana tsaye a bayanta yana cin danƙon rogo, sannan ta rufe ta tafi gida.

Ciwon ajali ya fara ne da wata sabuwar kalma. A tsakiyar huuuu, sai aka ji "tak". Washegari "tak, tak". Vilimaina ta san faifan ajiyarsa ne ke gajiya, kuma ƙaninsa, ƙaramin akwatin da ke riƙe da kwafin komai, ya riga shi rasuwa a ambaliyar bara. Ƙungiya ta sayo sabuwar na'ura, siririya, marar ƙara, aka sa mata suna Belo. Niyyarta ita ce a yi ƙaura a tsanake, bayan rukunin masu tsinkar inabi na bana sun tashi. Ranar Alhamis da ta shigo ta tarar da Vonu yana tak-tak ba ƙaƙƙautawa, ta ga jira ya ƙare. Ta shiga kundin DNS ta goge sunansa daga layin mai karɓar wasiƙu, ta rubuta na Belo da sabuwar lambarsa, ta sa aka fara kwashe tsofaffin akwatunan wasiƙu ɗaya bayan ɗaya.

Safiyar Juma'a ta tarar da abu biyu, kowanne ya isa ya hana mutum karyawa.

Na farko, akwatin Belo wayam. Duniya ta riƙe maganar Waisake da kyau. Kowa yana ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, kuma haka za su yi ta yi har sai kwanakin da ya ɗiba musu sun cika. Na biyu, duk wasiƙar da Belo ya aika sai ta dawo. Idan ya yi sallama a can ya ce shi ne Belo na ƙungiyar Natewa, sai masu gida su duba lambarsa a kundi su ga wani baƙon suna da kamfanin intanet ya liƙa mata, su ce ƙarya kake, su rufe ƙofa. Gyaran wannan ba a hannun Vilimaina yake ba. Ta kira kamfanin a Suva, wani mutum mai ladabi ya ce mata mai wannan aikin ya tafi biki a ƙauye, sai Litinin.

Kafin ta ajiye waya motar farko ta tsaya a ƙofar ofis. Matafiya ne, daga ƙauyukan gaɓa, da jakunkunansu da rigunan sanyi na aro, da dangi masu rakiya ɗauke da furanni. Jirgin ruwan Suva da yamma zai tashi. An yi musu alkawarin biza za ta fito ranar, ƙungiya ta tura wa gonar da ke Mildura a Ostireliya, gona ta saki tikitin jirgin sama.

Vilimaina ta kira Raelene, matar da ke kula da ma'aikata a gonar, ta yi mata bayani.

"Vili, ƙawata, na ji ki," in ji Raelene. "Amma inabi ya nuna, har ya fara zuba. Idan ban ga takardun nan daga adireshinku ba kafin in kulle ofis yau, maigidan zai ba wani rukuni gurabun. Suna nan a shirye. Ba ni ce mai gona ba."

"In ɗauki hoto da waya in turo miki fa?"

"Hoton me? Sun iso?"

Ba su iso ba.

Shugaban ƙungiya, Kawu Peniasi, ƙanin mahaifiyar Waisake, ya leƙo ɗakin ajiya yana goge wuya da tawul. "Ke Vili, yaya? Mutane sun fara kallona kamar ni na haɗiye bizar. Ina sabon yaron naki da aka ce ya fi walƙiya sauri?"

"Yana nan, Kawu. Ba wanda ya san shi."

"To ki gabatar da shi mana! Ki kai yaqona, abin shan gaisuwar gargajiya, ki ce ga ɗanmu."

Ba ta yi dariya ba, sai ya shigo sosai ya rufe ƙofa.

Ta yi dabara ta ce wa Vonu duk abin da ya karɓa ya miƙa wa Belo nan take. Wajen hantsi wasiƙar farko ta ofishin biza ta ƙwanƙwasa. Ta ga layin ya fito a fuskar kwamfuta: an karɓa. Daga nan Vonu ya yi tak, ya yi tak, ya yi shiru. Fitilar gabansa ta tsaya ja, ba ƙiftawa. Vilimaina ta dafa akwatin, zafi kamar murfin tukunya. Ta tsaya a haka har sai da ya ja wani dogon kirrr, wasiƙar ta faɗa hannun Belo.

"Alhamdu, ɗaya ta fito," in ji Kawu Peniasi. "Me kuma kike zare ido?"

"Kawu, idan mai kawo wasiƙa ya tarar da ƙofa a rufe, komawa yake yi ya dawo anjima. Amma idan an buɗe an karɓa an ce masa na gode, ya gama aikinsa, ba zai sake kawowa ba. Idan tsohon nan ya karɓi sauran ya mutu da su a ciki, sun tafi kenan."

Kawu ya zauna a kan buhun kwakwa. "To mene ne magani?"

Ta san maganin tun safe, faɗarsa ce ta gagare ta. A cire Vonu daga wuta, a ba Belo sunansa da lambar gidansa. Masu ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa za su tarar da mai lafiya a ciki. Masu bincikar lamba su ga ta dace da suna, su karɓi abin da ya aika. Amma na'ura biyu ba sa zama a lamba ɗaya. Kuma faifan da ke irin wannan kuka, idan ya tsaya, ba ya sake juyawa.

"To ki cire shi mana! Me muke jira?"

"Ba a gama kwashe kaya ba."

"Wane kaya? Rasitan taki?"

"Akwatin Waisake."

Akwatin Waisake shi ne mafi girma a cikin na'urar, kuma bisa jerin haruffa shi ne na ƙarshe. Tun safe ta tsallake layi ta ce a fara da shi, sai ya zamana a daidai wurin ne faifan ya fi ciwo. Kwafin yana tafiya kamar mai ɗingishi, kuma duk lokacin da Vonu ya taɓa wurin, sai ya sandare.

"Awa nawa yake so?" Kawu ya tambaya a hankali.

"Idan ya rayu, zuwa gobe."

Fankar cikin marigayin ta tsaya da tsakar rana. Goggo Akanisi, babbar matan da za su yi tafiyar, ita ce ta shigo neman ruwan sha ta ga halin da ake ciki. Ba ta tambayi komai ba, ta fita ta dawo da mata uku da maficin kaba. Aka aika kasuwar kifi aka kawo ƙanƙara a roba, aka ajiye gefensa, suna fifita ta kai masa sanyi.

"Ni da na yi jinyar miji da suruka," in ji Goggo Akanisi, "ban taɓa zaton zan yi wa akwati fifita ba. Kai tsoho, ka tofar da bizata kafin ka tafi, ka ji? Sereana, ɗaga hannu, ba jariri kike lallashi ba."

Wasiƙa ta biyu ta shigo. Wannan karon shirun ya fi na farko tsawo. Mafitai suka tsaya a iska. A waje wani yana ta gwada jita, wata ta daka masa tsawa ya bari. Da wasiƙar ta fita daga ƙarshe, rabin takardar da ke maƙale da ita ne kawai ya buɗe, sauran baƙaƙen layuka.

Kawu Peniasi ya ja Vilimaina gefe, amma ɗakin ƙarami ne, kowa ya ji. "'Yata, ki saurare ni. Waisake ɗan 'yar uwata ne. Ni na ɗauke shi a kafaɗa na kai shi makaranta. Idan kin ce a jira gobe, ni zan fita in faɗa musu, ba ke ba. In ce inji ya lalace. Akwai wani rukuni bayan Kirsimeti."

"Akwai, Kawu?"

Su biyun sun san babu tabbas.

Ta juya ta kalli Goggo Akanisi. Matar ta ci gaba da fifita, idonta a kan robar ƙanƙara. Kowa a gaɓar ya san tun guguwar bara tamfol ne rufin ɗakinta, jikokinta suna kwana da bokiti a gefen tabarma. Da ta yi magana, da Vilimaina ta sami abin musu. Shirun ne ya fi ƙarfinta.

Ta zauna gaban kwamfuta ta dubi ma'aunin kwafin. Bai kai ko kwata ba. Ta sa yatsa a kan layin kamar za ta tura shi gaba. Sai ga wani sabon layi ya fito a ƙasa: ofishin biza yana sallama, kuma ba da wasiƙa ɗaya ba, a jere suke tafe. Vonu ya ce tak.

Ba ta tsaya kashe shi ta hanyar da aka saba ba, don kafin ya gama bankwana zai iya karɓa. Ta durƙusa ta zare wayar intanet daga bayansa, ta tsayar da kwafin. Ta ɗan jira, tafin hannunta a kan murfinsa mai zafi. Sannan ta zare fulogin.

Kalmarsa ta ƙarshe, kamar yadda duk waɗanda ke ɗakin suka shaida, ita ce "huuuu", tana sauka, tana sirancewa, har ta ɓace. Ba a taɓa jin ɗakin ajiyar nan shiru haka ba. Sereana ta yi alamar addu'a da hannu, ta ji kunya, ta sauke.

Vilimaina ba ta ɗago ba. Ta juya ga Belo ta goge sunansa ta rubuta vonu. Ta ba shi tsohuwar lamba. Ta koma kundin DNS ta mayar da layin mai karɓar wasiƙu yadda Waisake ya bar shi, ta karanta kowane harafi da kowane ɗigo sau biyu, domin ɗigo ɗaya idan ya ɓata, wasiƙun gari guda sai su bi iska. Ta kunna. Ta aika wa Raelene kalma ɗaya ta gwaji, ta ƙura wa fuskar kwamfuta ido tana jiran ta dawo kamar na safe.

Ba ta dawo ba. Waya ta yi ƙara. "Na gani, Vili! Ina sauran?"

Sauran suna hannun mai kawowa, wanda ya tarar da ƙofa a rufe ya juya, kuma ba mai iya ce masa ya yi sauri. Inuwar ofis ta tsallaka titi. Direban babbar motar da za ta kai su tashar jirgi ya leƙo sau biyu, Kawu ya kore shi sau biyu. Daga bakin ruwa aka jiyo ƙahon jirgi na farko. Wani matashi a cikin matafiyan ya cire furen wuyansa ya ajiye a kan jaka.

"Kin tabbata zai dawo?" Goggo Akanisi ta tambaya.

"Haka aka ce suna yi, Goggo."

"Aka ce."

Belo ba ya ƙara, don haka ba wanda ya ji shigowar wasiƙun. Kawu ne ya ga fuskar kwamfuta ta cika, ya ƙwala ihun da ya sa kare ya gudu daga ƙarƙashin mota. Vilimaina tana turawa Mildura tana kiran sunaye ta taga, kowane suna da guɗarsa. Har wadda ta lalace da rana ta sake zuwa lafiya, don ashe ofishin ya turo wa kowa a dunƙule daga baya. Ta Goggo Akanisi ce ta ƙarshe. An riga an tayar da mota, aka jawo ta sama ta hannu biyu, takalminta ɗaya ya faɗi, aka jefa mata. Sun shiga jirgi ana janye gada. Tikitin ya same su a wayoyinsu a tsakiyar teku.

Ranar Asabar da safe Vilimaina ta je ofis ita kaɗai ta mayar da fulogin. Fitila ta kama. Faifai bai juya ba. Ta buɗe ɗan abin da aka samu kwashewa daga akwatin mijinta, ta tarar da tallan injin kwalekwale, da sakamakon wasannin rugbi na shekarun baya, da gayyatar wani taro da aka daɗe da yi. Daga cikin abin da ya rubuta da hannunsa, ko ɗaya bai tsallako ba.

Marigayin ya rasu ya bar magajinsa, wanda yanzu yake amsa sunansa ba tare da ya san nauyinsa ba. Da batir guda mai kumburin ciki. Da na'urar buga takardu, abokiyar zamansa, wadda ba su taɓa jituwa ba. Da akwatin katakon da ya zauna a kai, mai ɗauke da shatinsa. Da 'yan ƙungiya masu yawa a gida da waje.

Za a yi zaman makoki ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, a barandar ofis. Kawu Peniasi zai kawo yaqona. Mata su zo da gwaza da kifi. Ba a buƙatar tabarmi, gawar ba ta da tsawo. An roƙi jama'a kada a sake kawo shawarar jefa shi a teku don sunansa kunkuru, motar masu kwashe tsofaffin na'urori za ta kai shi Labasa ranar Talata. Faifan ba zai bi shi ba, yana wajen Vilimaina.

Ba a karɓar furanni. Amma Goggo Akanisi ta aiko da saƙo daga Mildura, kuma ƙungiya ta amince da shi: duk wanda Waisake ya taɓa rubuta wa, ya bincika wayarsa ya turo abin da ya samu. Wasiƙa ta farko ta riga ta iso, daga wani mai tsinkar lemo da ya daɗe a can. Ga abin da take cewa: "Eroni, labari ya zo mana cewa sanyi ya sa ka daina wanka. Ka ji tsoron Allah, sunan ƙauyenmu kake ɗauke da shi." Vilimaina ta karanta ta a tsaye, ta yi dariya har sai da ta nemi kujera.

Sauran masu ta'aziyya su aiko ta adireshin da suka sani. Akwai mai karɓa.